Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Yadda Ƙwari Suke Aron Kamannin Juna

Duk inda tumfafiya ta tsiro, daga Afirka har zuwa ƙasar Indiya, ba a rasa wani malam-buɗe-littafi mai fikafikai ruwan goro, da baƙi da ɗigon fari a ƙarshensu. Masana suna kiransa Danaus chrysippus. Tashinsa a hankali yake yi, a fili, kamar wanda bai san akwai tsuntsaye a duniya ba. Dalili kuwa shi ne tun yana tsutsa yake cin ganyen tumfafiya, yana tara dafinta a jikinsa. Tsuntsun da ya haɗiye shi yakan yi amai, daga ranar nan kuma ya riƙa kauce wa wannan launi.

To, akwai wani malam-buɗe-littafin dabam, mai suna Hypolimnas misippus, wanda tsuntsu zai iya ci ya kwana lafiya. Namijinsa baƙi ne mai manyan fararen tabo. Amma tamatar ta ɗauko kamannin na tumfafiya, har sai gwani ya dube su da kyau kafin ya rarrabe su. Da wannan rigar aro take tsira da ranta.

Wanda ya fara bayyana wannan al'amari shi ne wani Baturen Ingila, Henry Bates, wanda ya tafi yankin kogin Amazon a cikin 1848, ya shekara 11 yana tattara ƙwari. A bayanin da ya buga cikin 1862, ya nuna cewa ƙwaron ba shi da wata niyya ko dabara a cikin lamarin. Tsuntsaye ne suke yin zaɓen. 'Ya'yan uwa ɗaya ba su fitowa iri ɗaya sak. Wanda ya ɗan yi kama da mai dafi, ko yaya ne, ya fi samun damar kuɓuta ya hayayyafa, ya gadar wa zuriyarsa wannan kama. Sauran kuwa su tafi cikin tsuntsu. Da aka yi ta wannan tankaɗe da rairaya zuriya bayan zuriya, shekaru dubbai, sai kamar ta cika. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da irin wannan tsoro mai kwaikwayo yake cin abinci. Haka ma wasu ƙudaje marasa harbi suke yawo a kan furanni da zanen rawaya da baƙi irin na rina.

Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne. Kariyar mai kwaikwayo ta dogara ne a kan kasancewar mai dafin na ainihi. Idan masu aro suka yi yawa ƙwarai, ɗan tsuntsu zai yi ta cin masu launin nan yana jin daɗi, gargaɗin ya tashi a banza. An gwada wannan a Amurka, aka buga sakamakon cikin 2001. A can akwai wani maciji mai mugun dafi, mai zoben ja da rawaya da baƙi, akwai kuma marar dafi mai kama da shi. Masu bincike suka ƙera macizan ƙarya masu wannan zane, suka ajiye a daji. A wuraren da mai dafin yake zaune, namun daji ba su cika taɓa su ba. Inda babu shi kuwa, sai suka fi kai musu farmaki.

Akwai kuma wani kwaikwayon da babu yaudara a cikinsa. A cikin 1878, wani Bajamushe mazaunin Barazil, Fritz Müller, ya yi bayanin abin da ya sa ƙwari iri biyu, dukansu marasa ciwuwa, sukan yi kama da juna. Kowane ɗan tsuntsu sai ya kashe 'yan kaɗan kafin ya koyi darasi. Idan iri biyun suna da alama ɗaya, sai su raba hasarar a tsakaninsu, maimakon kowanne ya biya nasa kuɗin makaranta. Shi ya sa ire-iren rina da yawa suka yi tarayya a zane guda.

Ashe ke nan zanen da ke fiffiken ƙwaro labari yake bayarwa game da idon mai farautarsa: abin da yake gani, da abin da yake tunawa, da abin da yake tsoro. Wanda ya tsaya gindin tumfafiya ya ga mai fikafikai ruwan goro yana shawagi, yana da dalilin ya sake dubawa, don mai yiwuwa ne ɗan aro ne.