Rigakafin baki na bakteriyar nono

Rigakafin baki na bakteriyar nono wata hanya ce ta rigakafi da masana ke bincike a kanta, inda ake sauya ƙwayoyin halittar bakteriyar da ke sa nono tsami domin ta kai wani ɓangare na bairas cikin hanjin mutum ko dabba. Ana haɗiye shi ne maimakon a yi allura. Kodayake Hausa kan haɗa bakteriya da bairas a ƙarƙashin suna ɗaya, wato "ƙwayoyin cuta", wannan bakteriya ba ta cutarwa. Danginta ne ke tsamar da nono, kindirmo da kamu.

Yadda yake aiki

Masana kan ɗauki ƙwayar halittar da ke samar da wani furotin na bairas, su dasa ta cikin bakteriya irin su Lactococcus lactis ko Lactobacillus casei. Bakteriyar sai ta riƙa ƙera furotin ɗin. Idan ta isa hanji, garkuwar jiki za ta gane shi a matsayin baƙo, ta samar da sinadarin kariya mai suna IgA a fatar cikin hanji. Wannan na da muhimmanci, domin bairas da dama ta baki ko ta hanci suke shiga jiki. Tunda gutsure kawai aka ɗauko, ba bairas ɗin gaba ɗaya ba, rigakafin ba zai haifar da cutar ba.

Tarihi

A shekarar 1997 masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun nuna cewa ɓeraye sun samu kariya daga gubar tetanus bayan an ba su Lactococcus lactis da aka sauya. Daga baya aka gwada dabarar kan bairas ɗin rota, murar tsuntsaye da HPV mai jawo sankarar bakin mahaifa. A 2014 Kei Kawana da abokan aikinsa a Japan sun wallafa sakamakon gwajin Lactobacillus casei mai ɗauke da furotin E7 na HPV a kan mata.

Alaƙa da arewacin Najeriya

Rigakafin baki ba baƙo ba ne a garuruwa irin su Birnin Tsaba, Zurmi, Shinkafi da Ƙaura Namoda, inda aka saba da ɗigon shan-inna. Sai dai shi bairas ne mai rai da aka raunana, wanda a wuraren da yara da yawa ba su karɓa ba yakan rikiɗe ya sake gurgunta yara. Saboda haka Najeriya ta fara amfani da sabon nau'in nOPV2 a watan Maris na 2021. A arewacin Zamfara, rashin tsaro, ƙarancin ma'aikatan lafiya da rashin wutar sanyaya magani na hana rigakafi isa ƙauyuka. Ana fatan bakteriyar da aka busar ta zama gari za ta fi sauƙin ɗauka da ajiya.

Ƙalubale

Ruwan tsamin ciki na kashe bakteriya da yawa kafin su kai hanji, kuma kariyar da ake samu sau da yawa ba ta da ƙarfi sai an maimaita sha. Akwai kuma batun hana bakteriyar da aka sauya yaɗuwa a muhalli, da samun amincewar jama'a, musamman ganin yadda aka dakatar da ɗigon shan-inna a Kano, Kaduna da Zamfara a 2003. Yawancin gwaje-gwajen a kan dabbobi aka yi su. Shan nono ko kindirmo ba ya maye gurbin rigakafi, domin bakteriyar cikinsu ba ta ɗauke da furotin na bairas.