Ciwon Jijiya na Gado a Kwikwiyon Karnukan Farauta

Jinsin Greyhound na Turai yana kama da dogayen karnukan da mafarautan Yola da Jimeta ke kiwo. A shekarar 2010 masana a Jami'ar Bern suka gano ƙwayar halittar da ke haddasa masa ciwon jijiya. Alamu kan bayyana daga wata 3 zuwa 9: kwikwiyo ya riƙa saurin gajiya, yana tsalle kamar zomo, cinyoyinsa su rame, haushinsa ya dushe. Ciwon ba ya yaɗuwa, kuma ba shi da magani. Sai an gado shi daga uwa da uba duka, ko da su lafiyarsu lau. Saboda haka malaman gona su hana barbara tsakanin karnuka 'yan uwa ɗaya. Karen da ya shanye farat ɗaya yana dalala kuwa, a killace shi, a kira likitan dabbobi, domin mai yiwuwa haukan kare ne.