Yadda matasa ke fara aikin fim daga bayan kyamara a Kannywood

Kafin darakta ya ba da umarnin fara ɗauka, akwai wanda ya riga kowa isa lokeshan. Shi ke kiran jaruman da suka makara, shi ke lallaɓa mai gidan da aka ara, shi ke roƙon yaran unguwa su yi shiru. Ɗan aiken furodusa ke nan, kuma daga nan da yawa suke farawa.

A Kano ba a cika tallata wannan aiki ba. Matashi kan yi ta zarya ne a ofisoshin 'yan fim da ke Titin Gidan Zoo, kuma da wuya a ɗauke shi in babu wanda ya tsaya masa. Takardar makaranta na taimakawa, amma furodusa ya fi duba zuwa kan lokaci da riƙon amanar kayan aiki.

Fina-finai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So sun ƙara yawan ranakun aiki. Inda gizo ke saƙar shi ne sallama. Sau da yawa babu rubutacciyar yarjejeniya, don haka wanda bai tsayar da magana ba kafin a fita aiki, yana iya wuni a rana ya koma gida da kuɗin mota kawai.