FADAMA BA ƊAYA BA CE: A SAN ƘASA KAFIN A SAUKE GARKE

'Yan'uwa fatake, dillalai da 'yan kore! Kowannenmu ya san yadda ake duba haƙorin sa, a taɓa tozo, a faɗi kuɗinsa, amma kaɗan ne cikinmu ke duba ƙasar da za su yi zango a kanta. Alhali kuwa yawancin asarar da muke yi tsakanin damina da kaka daga ƙasa take fitowa: mota ta kafe da shanu a ciki, kofato ya ruɓe, ko a kai dabba mahauta a tarar hanta ta lalace. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani a kan ƙasar da ruwa ke kwanciya a kanta, hawa-hawanta da ire-irenta.

Abu biyu ke sa ƙasa ta riƙe ruwa. Ko dai laka ta yi mata yawa, ruwan sama ya rasa hanyar nutsewa, ko kuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya taso kusa, kamar yadda ake gani a bakin gulbi. Wanda ke son ya san wanne ne, sai ya haƙa rami kamar kamu biyu, ya kankare bangonsa da wuƙa ya duba. Gani ya kori ji.

Hawan farko, wato na sama, yakan yi baƙi-baƙi, kaurinsa kamar taƙi ɗaya ko fiye. Ciyawa da saiwa ne suka ruɓe a ciki, kuma da yake iska ba ta shiga sosai, ruɓewar ba ta sauri, sai su taru. Nan ne ƙarfin makiyaya yake.

Hawa na biyu dabbare-dabbare ne, ruwan toka da ɗigo-ɗigon ja ko rawaya kamar tsatsa. Kuma tsatsar ce ta gaske, domin akwai sinadarin ƙarfe a cikin ƙasa. In ruwa ya cika wurin ya kori iska, sai ƙarfen ya narke ya bar ƙasa fari-fari. In ruwa ya janye iska ta dawo, sai ya sake kamawa ya yi ja. Saboda haka inda ɗigon nan ya fara, to nan ne ruwa ke kaiwa da damina, ko da kuwa a tsakiyar rani aka haƙa ramin.  In ka gan shi tun taƙi ɗaya daga sama, kada ka kafa turke ko shinge a wurin.

Hawa na uku ruwan toka ne zalla, wani lokaci har da shuɗi-shuɗi, ga sanyi ga danƙo, wani sa'in yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan ba ya rabuwa da ruwa shekara zagaye. Duk inda ya matso kusa da sama, wurin ba na babbar mota ba ne, komai bushewar fuskarsa.

To, yanzu ga ire-iren da muke takawa a hanyoyinmu.

Na ɗaya, baƙar laka mai tsagewa, wadda Barebari ke kira firgi, Fulanin Kamaru kuma su ce karal. Ita ce ta shimfiɗu kudu da tafkin Chadi, daga Dikwa da Gamborun Ngala zuwa Kusuri da kewayen Marwa. Da rani tana tsagewa har hannu ya shiga, da ruwa ya sauka kuma sai ta kumbura, tsagar ta rufe, ta zama kamar kaskon da aka daɓe. In ka fasa dunƙulenta daga ƙasa za ka ga fuskarsa tana sheƙi kamar an goge, saboda gugar juna da take yi wajen kumburi da ƙanƙancewa. Ruwa ɗaya ya isa ya tsayar da kamyo kwana da kwanaki. A kanta ne manoma ke dasa masakwa wajen Satumba da Oktoba, su girbe cikin Janairu da Fabrairu. Fili da ka ratsa lafiya da bazara, da kaka gonar mutane ce, sai a tsaya kan burtali.

Na biyu, fadamar bakin gulbi, wadda ambaliya ke kawo wa sabuwar laka da yashi, hawa kan hawa. Irinta ce a gulbin Maraɗi, da Komadugu Yobe tsakanin Diffa da Najeriya, da dausayin Haɗeja zuwa Nguru, da filayen kogin Logon. Nan ne burgu ke fitowa, abincin shanu da rani. Amma halinta yana canzawa in aka tare ruwa daga sama. Bayan gina dam ɗin Maga a 1979 ambaliyar Logon ta ragu ƙwarai, makiyaya ta lalace, har sai da aka sake buɗe wa ruwa hanya a 1994. A wajen Haɗeja kuma, bayan dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992, wasu wurare ruwa ya daina janyewa da rani, kachala ta cinye su.

Na uku, kwari mai yashi wanda ruwansa ke kusa, kamar Dallol Bosso da Dallol Mauri a Nijar. Sama yashi ne, ba ya kama ƙafa, amma ƙasa da shi ga ɗigon tsatsa, ga ruwa. Rijiya ba ta wuya a irin wannan wuri.

Na huɗu, ƙasa mai kanwa ko gishiri. In ruwan ƙasa ya taso rana ta ƙafar da shi, sai ya bar farin ɓawo a sama, kamar yadda ake gani a Dallol Foga. Shanu na son lasa, amma ciyawa ba ta yawa. 'Yar'uwarta ita ce fako mai tauri da Fulanin Kamaru ke kira harde: ruwa na kwanciya a kai ba ya shiga, ƙarƙashi kuwa busasshe ne ƙaƙas.

Mece ce ribar sanin wannan? Ruwan da ba ya ƙafewa shi ne gidan 'yar ƙaramar katantanwa mai ɗauke da tsutsar hanta. 'Ya'yan tsutsar na maƙalewa a jikin ciyawa, saniya ta ci, bayan kamar wata 3 tsutsa ta girma cikin hanta, dabba ta rame, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura. Kwana cikin taɓo kuma yana tausasa kofato, cuta ta sami ƙofa. Ƙwayar ciwon saifa na iya yin shekaru da dama a cikin ƙasa, ambaliya kuma ta tara ta a kwari. In dabba ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci da dubura, kada a feɗe ta, a kira malamin dabbobi.

Shawararmu ita ce, a yi kiwo a fadama da rana, a kwana a jigawa. Shanun da aka sayo daga dausayi a ba su maganin hanta kafin a sa su turke. Direba kuma ya sauka ya caka sanda kafin ya sauka daga kwalta. Wanda zai sayi fili ko ya yi haya don gina garke, ya haƙa rami tukuna kafin ya ƙirga kuɗi. Haƙa ramin aikin sa'a ɗaya ne, amma bijimi ɗaya in ya faɗi a taɓo, ribar tafiya ce gaba ɗaya ta tafi.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba da kasuwa. Wassalam.