Masu Saukar Baƙi a Kurmin Peru Sun Shiga Koyar da Ilmin Ƙwari

A ƙasar Peru, cikin Amurka ta Kudu, akwai wani babban kurmi a bakin kogin Tambopata. Can ne wani kamfani mai suna Rainforest Expeditions ya gina masaukai, yana ɗauko baƙi cikin kwalekwale, su biya kuɗi su yi kallon aku da birai. Sana'arsa ke nan tun da fari.

A shekara ta 2016 sai ya ƙara da koya wa baƙi ilmin ƙwari. In dare ya yi akan rataya farin ƙyalle a dawa, a kunna fitila mai haske. Sai faɗa-wuta, watau dangin malam-buɗe-littafi masu yawon dare, su yi ta sauka a kansa, masani kuwa yana nuna wa baƙo yadda ake rarrabe su. Sa'an nan a aika da ɗan ɓangaren jikinsu Jami'ar Guelph ta Kanada, a binciki asalin halittarsu. Ta haka aka gano waɗansu iri da ba a taɓa rubutawa a littafi ba.

To, jama'a, abin ba wasa ba ne, gama masu haƙar zinariya suna sare kurmin lardin, suna zuba zaiba cikin ruwa. Ƙwaron da ya ƙare ba a rubuta shi ba, saninsa ya tafi ke nan. Kuɗin baƙo shi ke riƙe masani a dawa, ilmin masani kuma shi ke jawo baƙo. Attajiri da malami, kowa ya duba.