Likita Ya Bar Ɗakin Majinyata Ya Kama Wa'azin Barci: Me Ya Iso Mafara?

A ƙasar Zamfara gaisuwar safe tambaya ce a kan barci. "An kwana lahiya?" in ji mutumin Mafara, ɗan'uwansa ya ce "Lahiya lau." A da al'ada ce kawai, ba mai jiran wata amsa daban. Yanzu a ƙauyukan da ke tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun mai tambayar da gaske yake yi. So yake ya ji ko an yi harbi cikin dare, ko mutanen gidan a ɗaka suka kwana ko a cikin gona.

A daidai wannan zamani ne wata sana'a take bunƙasa a duniya, har ta shigo wayoyin samarinmu: likita ya ajiye aikin asibiti ya koma koya wa mutane yadda za su kula da jikinsu, barci kuma yana sahun gaba a darussan. Wanda aka fi sani shi ne Michael Mosley na Ingila. Ya karanta likitanci a Landan, a 1985 ya koma BBC, ya shafe shekaru yana shirye-shiryen lafiya, a 2020 ya fitar da littafi sukutum a kan barci mai suna Fast Asleep. Ya rasu a 2024. A nan gida akwai Chinonso Egemba, wanda aka fi sani da Aproko Doctor, likitan da miliyoyin 'yan Nijeriya suka sani ta waya, ba ta layin ganin likita ba. Masu yi da Hausa ma suna ƙaruwa a Facebook da TikTok da gidajen rediyo, wasu suna haɗawa da aikin asibiti, wasu sun bar shi kacokan. Har rana aka ware wa barci a duniya, wata Juma'a a cikin watan Maris, tun 2008.

Me ke fitar da likita daga ɗakin majinyata? Kowa zai ce albashi, kuma ba ƙarya ba ne. Amma akwai dalilin da ba a cika faɗa ba, shi ne likitan kansa ba ya barci. Wanda ya yi aikin safe, ya zarce da kwanan asibiti, gari ya waye ya tarar da layin marasa lafiya na jiransa, ya san ɗacin rashin barci fiye da duk wanda zai yi wa nasiha. Binciken da aka yi a Ostireliya aka wallafa a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 idonsa biyu, saurin tunaninsa da daidaiton hannunsa suna raguwa kamar na wanda ya kurɓi barasa. To wannan hannun ne zai lissafa maganin jariri, shi zai riƙe wuƙar tiyata. Amurka sai da ta yi asarar rai kafin ta farga. Mutuwar wata budurwa, Libby Zion, a wani asibitin New York a 1984, a hannun likitoci masu neman ƙwarewa da aiki ya yi wa yawa, ita ta jawo dokar jihar ta 1989, sannan a 2003 aka ƙayyade wa irin waɗannan likitoci awa 80 a mako a faɗin ƙasar. Mu nan sai a 2025 ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta umarci 'ya'yanta da su daina zarce awa 24 a jere suna aiki. A duba fa, awa 24 ce aka ɗauka a matsayin sauƙi.

Ba abin mamaki ba ne, ke nan, wanda ya tsira daga wannan ya mayar da barci abin wa'azinsa. Abin da ya rasa ne yake tallatawa.

Sai dai masu barin asibiti don wayar da kai 'yan kaɗan ne a cikin ayarin masu fita. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci tsakanin 15,000 da 16,000 sun bar ƙasar cikin shekaru biyar, kuma kimanin 55,000 ne suka rage wa mutum sama da miliyan 200. Yawancin waɗanda suka ragen ma suna Legas da Abuja da sauran manyan birane. (Shekaru biyar kafin nan, a 2019, Ministan Ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, wanda shi ma likita ne da ya koma siyasa, cewa ya yi likitoci sun yi mana yawa, mai son tafiya ya tafi.) Majalisar Wakilai ta gwada ɗaure su da igiya a 2023, da ƙudurin tilasta wa sabon likita aikin shekara biyar kafin a ba shi cikakken lasisi, likitoci suka yi masa ca. A yankinmu fitar hawa-hawa ce: daga asibitin ƙaramar hukuma zuwa Gusau, daga Gusau zuwa Sakkwato ko Kano ko Abuja, daga can zuwa Saudiyya ko Ingila. Wasu ƙungiyoyin agaji ke ɗauke su, wasu ofis, wasu siyasa. Kuma a nan akwai abin da likitan Landan bai san shi ba: likita da nas da malamin asibiti duk abin farauta ne ga masu satar mutane, domin ana ganin danginsu za su iya haɗa kuɗin fansa.

Ta fuskar amfani, ba zan raina masu wayar da kan nan ba. Likita a asibiti mutum ɗaya yake gani a lokaci guda, bidiyon minti biyu kuwa yana iya isa ga dubbai. Kuma abin da suke faɗa gaskiya ne. Baligi yana bukatar aƙalla awa bakwai a dare. Ƙarancin barci na dogon lokaci yana da alaƙa da hawan jini da ciwon suga da ciwon damuwa. Sinadarin da ke hana barci a goro da shayi da Nescafe da lemukan ƙara kuzari yakan yi kusan awa biyar rabinsa bai bar jiki ba, don haka wanda ya zauna teburin mai shayi bayan Isha ya san wanda ya sace masa barci. Minshari mai ƙarfi da ke ɗauke numfashi cuta ce da ake magani, ba abin tsokanar maigida ba ne kawai. Mafi muhimmanci a wurina shi ne gargaɗin da suke yi a kan ƙwayoyin sa barci. Mutum ya kasa barci, ya je kemis a ba shi diyazefam ba tare da takardar likita ba, bayan 'yan makonni jiki ya saba, in babu ita ba barci. Mun ga inda irin wannan hanya ta kai mu da kodin, har gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai ɗauke da shi da sarrafa shi a 2018.

Wani ɓangare na nasihar ma ba baƙo ba ne. Kakanninmu suna kwanciya bayan Isha, su tashi da Asuba, su ɗan yi ƙailula da rana. Wanda zai tashi ƙarfe biyar, in yana son awa bakwai, dole ƙarfe goma ta same shi a shimfiɗa. Yaron da ya je gidan kallon ƙwallo, wasan Turai ya tashi wajen sha ɗaya, ya dawo ya buɗe TikTok, lissafinsa ba zai taɓa cika ba. Irin wannan yaro wa'azin barci zai yi masa aiki, kuma shi ne yake da wayar da zai ji shi.

Matsalar ita ce yawancin masu rashin barci a Mafara da Bakura da Maradun ba waya ce ta hana su ba. Nasihar da ake bayarwa, a yi ɗaki mai duhu, mai sanyi, mai shiru, a kwanta lokaci guda kullum, an gina ta ne a kan mutumin da yake da tabbacin ƙofarsa. A tuna cikin dare aka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara, ranar 26 ga Fabrairun 2021, aka kwashe ɗalibai 279 daga ɗakunan kwanansu. Cikin dare aka shiga Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura a watan Agustan wannan shekara. A farkon Satumba kuma aka ɗauke ɗalibai 73 a Kaya ta Maradun, su da rana tsaka ma. Uwar da ta ga wannan, ko ta ji shi a ƙauyen da ke kusa, ba ƙarancin ilmi ne yake sa ta farkawa in kare ya yi haushi ba. Jikinta ne ya koyi cewa barci mai nauyi haɗari ne. Masana suna lissafa wannan cikin alamomin ciwon firgici, kuma ba ya jin maganar "kashe waya kafin ka kwanta". Ga samarin da ke kwana sintiri suna gadin gari, 'yan sa-kai a da, Askarawan Zamfara tun daga 2024, waɗanda gari na wayewa wasunsu gona za su nufa ko su hau babur ɗaukar fasinja.

Ko a daren da babu tashin hankali, akwai sauro da zafi. Madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ta ba yankin shinkafa da noman rani, ta kuma bar ruwa kwance a gonaki da magudanai inda sauro ke hayayyafa. A watannin bazara ɗaki ba ya shiguwa, wutar lantarki ba ta da tabbas, mutane a da sai su fito tsakar gida ko ƙofar gida su shimfiɗa tabarma. Yau kwanan waje ya zama kasada a wurare da yawa. Mutum ya zaɓa: ya shiga ɗaki ya dahu, ko ya fito ya kwana da ido ɗaya. A nan gidan sauro mai magani ya fi kowane littafin barci amfani.

Sannan akwai lissafin da masu yabon wannan sabuwar sana'a ba sa yi. Asibitin da ke da likita uku, in ɗaya ya tafi, kwanan asibiti da ke zagayowa kowane dare na uku ya koma dare ɗaya bayan ɗaya. Barcin da mai tafiya ya samo, daga idon abokan aikinsa aka cire shi. Su ma in sun gaji sai su bi sahu, abin ya riƙa cin kansa. A Ingila in likita ɗaya ya koma talabijin ba wanda zai lura. A ƙaramar hukumar da kai mara lafiya Gusau cikin dare yake nufin jefa rai a hanya, giɓin mutum ɗaya yana iya zama mai naƙudar da ba ta samu tiyata ba. Ba banza ba ƙungiyar likitocin agaji ta MSF take ɗauke da wani kaso na jinyar yara masu tamowa a Talata Mafara da wasu garuruwan jihar. Ban ɗora wa wanda ya tafi laifi ba, kowa ya san inda ɗakinsa ke yoyo. Amma yankin da ya fitar da gwamnoni uku, Ahmed Sani Yariman Bakura da Abdul'aziz Yari na Mafara da Bello Matawalle na Maradun, ya cancanci a ce yana da asibitocin da likita zai yi aikin dare ya samu mai karɓarsa da safe.

Ita kanta wayar ba abin dogaro ba ce a nan. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara gaba ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni ba kira ba intanet. Duk wani likitan Facebook ya ɓace daga Mafara a rana ɗaya, malamin asibitin da ke bakin aikinsa kuwa yana nan.

Shi ya sa nake ganin in ana son ilmin barci ya yi tasiri a yankin nan, ta bakin waɗanda suka zauna zai bi. Nas ɗin da ke awon ciki, malamin asibitin da ke gwada hawan jini, mai kemis da ake zuwa wurinsa neman ƙwaya, limamin da ke ganin masu gyangyaɗi a sahun Asuba. Tambaya ɗaya a ɗakin awo, "Baba, kana samun barci kuwa?", za ta tono firgici da damuwa da shan ƙwaya da ba wanda zai kawo ƙararsu da kansa, domin mutanenmu ba su ɗauki rashin barci cutar zuwa asibiti ba. Sai dai mai yin tambayar yana bukatar minti biyar na sauraron amsa, kuma shi ma a ce ya runtsa a daren jiya.