Fankar Rumfa: Abin Da Mai Saye Ya Kamata Ya Duba Kafin Ya Biya Kuɗi

MINNA. A unguwar Dutsen Kura, kamar sauran unguwannin babban birnin Jihar Neja, masu masaukin baƙi da gidajen abinci sun fahimci cewa daga watan Fabrairu zuwa Afrilu baƙo ya fi son zama a rumfar waje bisa ga zama cikin ɗaki. Saboda haka ake kafa rumfunan shaƙatawa a harabar gida, a rataya musu fanka. Sai dai galibi fankar ɗaki ake ratayawa domin ita ce mai araha, alhali ba a ƙera ta don zaman waje ba.

Yanayin Minna yana gwada fanka ta fuskoki uku. Ruwan damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, kan zo da iska, ya yi feshi har ƙarƙashin rufi. Ƙurar hunturu tana shiga cikin boris ta cinye mai, fanka ta fara ƙara. Zafin bazara kuwa yana gasa koyil. Fukafukan da aka yi da matsattsen garin katako sukan sha laima su lanƙwashe, na ƙarfe marar kyakkyawan fenti su yi tsatsa. Da zarar fiffike ɗaya ya karkace, fanka za ta riƙa rawa, rawar nan kuma ita ce ke kwance kusoshi. Fukafukan roba mai tauri ko na alminiyom su ne suka dace da waje.

Akwai ma'auni na duniya da ke nuna yadda aka toshe injin daga ƙura da ruwa. Ana rubuta shi da haruffan IP da lambobi biyu: ta farko ta ƙura da tarkace, ta biyu ta ruwa. IP44 na jure feshin ruwa daga kowane ɓangare, wanda ya wadatar ga rumfa mai cikakken rufi. IP65 ba ya barin ƙura ta shiga, yana kuma jure ruwan da aka feso da ƙarfi. Kayan da aka ƙera don kasuwar Amurka suna da nasu rabon: na busasshen wuri, na wuri mai laima, da na inda ruwa ke zuba kai tsaye. Amma a lura, wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, ta Nijeriya kuwa 230. Fankar gwanjo daga can za ta ƙone nan take idan aka haɗa ta ba tare da taransifoma ba. Kwalin da bai faɗi komai game da ruwa ba, to na ɗaki ne, ko da mai kanti ya rantse.

Batun da aka fi yin sakaci da shi shi ne rufin kansa. Fanka ba ta sanyaya iska; motsa ta kawai take yi, gumi ya bushe, jiki ya ji sanyi. Rumfar kwano marar silin tana tara zafi a sama da tsakar rana, fankar da aka manna kusa da kwanon kuwa wannan zafin za ta kwaso ta zuba wa mutane a ka. Mai irin wannan rumfa gara ya fara kashe kuɗi a kan silin, ko ya shimfiɗa zana ko ciyawa a ƙarƙashin kwanon, sannan ya sa sanda mai tsawo da za ta sauko da fankar. Kada fukafukai su yi ƙasa da ƙafa 7 daga daɓe. Ƙafa 8 zuwa 9 ya fi. Fanka mai inci 56, wadda aka fi sani a kasuwanninmu, ta ishi rumfa mai ƙafa 15 a kowane gefe. Doguwar rumfa kuwa gara a ba ta biyu matsakaita da a ba ta ƙatuwa guda.

Sai lissafin wuta. Jihar Neja ce ke ɗauke da madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru, amma hakan bai sa wuta ta zama kyauta ga ɗan kasuwar Minna ba. Fanka ta gargajiya tana cin kimanin wat 75. Idan ta yi awa 10 kowace rana, a wata za ta ci yunit 22 da rabi. Sabuwar fanka mai injin DC tana cin kimanin wat 30, watau yunit 9 a wata. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin yunit ga masu rukunin A zuwa Naira 225. A bisa wannan farashi, ta farko za ta ci kusan Naira 5,000 a wata, ta biyu kusan 2,000. Mai masauki da ke da fanka shida ya tsira da kimanin Naira 18,000 kowane wata, kuɗin da a hankali zai cike ratar farashin saye. Ga wanda ke rukuni mai sauƙin farashi ribar ta ragu a takardar biyan kuɗi, amma shi ne ya fi dogara ga janareto, man fetur kuwa ya yi tsada tun cire tallafi a watan Mayun 2023. Mai sola da batir shi ya fi kowa cin moriya, domin batirin da zai riƙe tsohuwar fanka awa huɗu zai riƙe sabuwar kusan awa goma.

Fankar DC tana da nata aibin. Ta gargajiya idan ta yi sanyi, sau da yawa kafasita ce ta mutu, kowane mai gyaran wuta zai canza ta da kuɗi kaɗan. Idan koyil ya ƙone a sake naɗa shi. Ta DC kuwa allon lantarki ne ke sarrafa ta, wanda hauhawar wuta ko tsawa kan lalata, kuma ba kowane shago ke ajiye shi ba. Ya kamata mai saye ya tambayi dillali ko yana da allon da rimot na canji, ya kuma karɓi garanti a rubuce tare da rasit.

Wajen ɗaurawa, a rataya fanka a jikin ƙarfe ko azara mai ƙarfi, ba a jikin silin ba. Wayoyi su bi cikin bututu, makunni ya kasance inda feshi ba ya kaiwa, rumfar ƙarfe kuma a haɗa ta da wayar ƙasa da na'urar da ke katse wuta idan ta zuba a jikin ƙarfe, domin baƙi sukan jingina da ginshiƙai alhali daɓe na jiƙe.